Shuɗin da ke cikin kitsen tsohon ɓera

Ɓeraye goma sha biyu aka ba ni, shida tsofaffi shida matasa, dukkansu farare kuma maza. Da su zan yi aikin kundin digirina na biyu a fannin nazarin halittu, nan Yamai. Tsofaffin ba domina aka ajiye su ba. Ragowar waɗanda ake haɗawa su hayayyafa ne, aikinsu ya ƙare, sai dattijon da ke kula da ɗakin dabbobi, wanda duk muke ce wa Alhaji, ya ci gaba da ba su abinci don bai ga dalilin kashe su ba. Ya kuma rubuta ranar haihuwar kowanne a wani tsohon littafi mai bangon kwali. Da babu littafin nan da babu aikina, domin in ba ka san watannin ɓera ba, ba ka da ta cewa a kan tsufansa.

Tsofaffin wata 20 suke da shi lokacin da na fara zuwa duba su. A lissafin cibiyar Jackson ta Amurka, wadda ta shahara wajen kiwon ɓerayen bincike, ɓera mai wata 18 zuwa 24 kamar mutum ne mai shekara 56 zuwa 69, mai wata 3 zuwa 6 kuma kamar ɗan shekara 20 zuwa 30. Ko ba a faɗa maka ba, ido zai nuna maka. Bayan tsofaffin ya ɗan yi doro, gashin ya yi ƙaranci a kafaɗa, ɗaya ma idonsa ya soma yana. In ka buɗe keji, matasan su yi ta hawa ƙarfe, tsofaffin kuwa sai su ɗago kai su dube ka su koma kwanciya.

Kakata tana zaune da mu a Bukoki tun da ciwon gwiwa ya hana ta zama ita kaɗai a Tawa. Ran da na gaya mata abin da zan yi, ta daɗe tana kallona.

“Kishiya, duk karatun nan naki a kan kusu zai ƙare?”

Na ce, “Kaka, so nake in ga abin da ke tsufar da shi.”

Ta ce, “Kwana ke tsufar da shi, me kuma?”

Tambayar da aikina ya tsaya a kai ke nan. Kwana yana wucewa a kan kowa, to amma me kwanan ke yi a cikin nama? Matar da ta yi shekara 50 tana daka da surfe, yanzu sai an kama ta take tashi daga tabarma. Na so in ga abin da ya sauya da idona, ko da a jikin ɓera ne.

Malam, wanda ke duba aikina, bai bar ni na taɓa ɓera ko ɗaya ba sai da na yi wata biyu ina karatu. Labarin ya faro daga 1961, lokacin da Leonard Hayflick da Paul Moorhead, a cibiyar Wistar da ke Filadelfiya, suka lura cewa ƙwayoyin halittar jikin mutum da ake reno a kwalba suna rabuwa kamar sau 50, daga nan su tsaya cik. Suna nan da ransu, suna cin abinci, har faɗi suke ƙarawa, amma rabuwa ta ƙare. Daga baya aka gano ɗaya daga cikin dalilan: a bakin kowane zaren gado, wato zaren cikin ƙwaya mai ɗauke da abin da ake gada daga iyaye, akwai wani ɗauri da ake kira telomer, kamar yadda ake ɗaure bakin tabarma don kada ta warware, kuma duk rabuwa sai ya ɗan gajarta. In ya gajarta da yawa, ko zaren gadon ya ji rauni ta wata hanya, sai ƙwayar ta taka wa kanta birki. Ɗaya daga cikin birkunan nan sunansa p16.

Birkin rahama ne, domin ƙwayar da zaren gadonta ya lalace, in ta ci gaba da rabuwa, ita ke zama kansa. Matsalar tana zuwa bayan an tsaya. A 2008 ɗakin binciken Judith Campisi a Kalifoniya ya nuna cewa waɗannan tsayayyun ƙwayoyi suna ta fitar da sinadaran kumburi a kan maƙwabtansu. A ƙuruciya garkuwar jiki tana share su. Da shekaru suka ja, sharar ta ragu, sai su taru. Ba su da yawa in aka gwada da sauran, amma wake ɗaya ke ɓata gari.

Abin da ya hana ni barci shi ne aikin Darren Baker da Jan van Deursen a asibitin Mayo na jihar Minesota. Sun sarrafa gadon wasu ɓeraye ta yadda duk ƙwayar da ta kunna p16 za a iya kashe ta da wata allura, a bar sauran. A 2011 suka nuna cewa a ɓerayen da ke saurin tsufa, share ƙwayoyin nan yana jinkirta yanar ido da zubewar tsoka. A 2016 suka maimaita a ɓeraye masu tsufa irin na kowa, suka fara allurar daga wata 12, kuma matsakaicin kwanan ɓerayen ya ƙaru, a wasu rukunai da kusan kashi ɗaya cikin uku, ƙoda da zuciya suka fi daɗewa da lafiya. Wato dai waɗannan ƙwayoyi suna cikin masu jawo tsufan da kansu. A cikin karatun nan ne kuma na ci karo da abin da ya koya mini taka-tsantsan tun da wuri: telomer ɗin ɓeran bincike ya ninka na mutum sau da yawa a tsawo, amma da wuya ɓeran ya wuce shekara uku. Abin da ke tsayar da ƙwaya a jikinsa ba lallai ya zama daidai da namu ba.

Ni kuwa aikina ƙarami ne. Rini zan yi.

A 1995 Goberdhan Dimri da abokan aikinsa a ɗakin Campisi suka fito da wata hanya ta gane tsayayyar ƙwaya da launi. A cikin kowace ƙwaya akwai ƴan jakunkuna masu narkar da shara, a cikinsu akwai wani anzim, wato sinadari mai yanka wasu sinadarai, mai suna beta-galaktosidas. Tsayayyar ƙwaya tana tara jakunkunan nan fiye da kima. In ka jiƙa nama a ruwan wani farin gari mai suna X-gal, anzim ɗin zai yanka shi, abin da ya saura ya haɗu biyu-biyu ya koma shuɗi. Ran da na duba tsarin sinadarin wannan shuɗin, sai da na ajiye biro. Ɗan'uwan baba ne, baban marina da ake rina turkuɗi da shi. A ganyen baba ma launin a ɓoye yake, manne da sukari, sai anzim ya raba su, iska ta taɓa shi, sannan shuɗi ya bayyana. Kakata tana da wani tsohon zane a ƙasan akwatinta wanda har yau yake barin shuɗi a yatsa.

Garin X-gal ɗin wata uku muka jira shi. Daga waje ya zo, cikin ƙanƙara, ƴar kwalba da ba ta kai ɗan yatsa ba. Ba ya son haske, ba ya son zafi. Na naɗe shi da takardar alminiyam na sa a can ƙuryar firiza. Injin da ke yanka daskararren nama siriri ba mu da shi, don haka Malam ya ce mu yi da kitse. Kitsen marar ɓera ana iya rina shi a dunƙule, ɗan gutsure kamar ƙwayar gero biyu ko uku, a ga launin da ido.

Na fara da ɓera biyu don gwaji, tsoho ɗaya matashi ɗaya. Alhaji ne ya sa su barci da magani har rai ya fita ba tare da sun ji komai ba. Bisimilla ya yi kafin ya ɗauki kowanne, ya kuma ce da ni, “Ɗiyata, rai ne. Kada ki bari ya tafi a banza.” Na ciro kitsen, na jiƙa shi minti goma a ruwan da ke tsayar da nama kada ya ruɓe, na wanke sau uku, na zuba ruwan rinin. Ban da X-gal akwai gishiri a ciki, da magnesiyam, da wasu gishirin ƙarfe biyu masu taimaka wa launin ya kama. Sai ma'aunin tsami, pH, wanda dole ya tsaya a 6. Na sa kwalaben a akwatin ɗumi a kan digiri 37 na tafi gida.

Washegari tun kafin rana ta yi zafi na haye gadar Kennedy. Kwalbar tsohon na fara ɗaukowa. Shuɗi ne shar, har ya so ya yi baƙi. Hannuna na rawa na ɗauki hoto na tura wa Malam ta WhatsApp. Amsarsa kalma uku ce: “Ina na yaron?”

Na ɗauko na yaron. Shi ma shuɗi shar, babu bambanci ko kaɗan.

Da Malam ya iso bai yi faɗa ba. Ya ciro ƴar takardar gwajin tsami daga aljihun rigarsa ya tsoma a sauran ruwan rinin, launin ya nuna ƙasa da 5. Laifina ne. Na'urar auna tsami tana bukatar a daidaita ta da ruwan gwaji kafin a yi aiki da ita, ni kuma na kunna ta kawai na yarda da lambar da ta nuna. Daga nan ya zaunar da ni ya yi mini bayanin da na karanta sau da dama amma bai shige ni ba sai ranar. Anzim ɗin nan kowace ƙwaya tana da shi, tsohuwa da sabuwa, kuma a 2006 an tabbatar iri ɗaya ne. Inda ya fi jin daɗin aiki shi ne ruwa mai tsami sosai, wajen pH 4. A can kowane nama zai yi shuɗi. Dabarar kai ruwan 6 ita ce a wahalar da anzim ɗin, ya zama sai ƙwayar da ta tara shi jingim ce kaɗai za ta iya nuna launi. Ni kuma na sauƙaƙa wa kowa. Ya ce, “Marini ma in tokarsa ba ta yi daidai ba, zanen ba ya fita yadda ake so. Ke ma marina ce gare ki.”

Ɓeraye biyu sun tafi, da kusan kashi ɗaya cikin uku na garin. Na kasa haɗa ido da Alhaji kwana biyu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne minti goman da na yi ina murna da kwalba ɗaya a hannu, ɗayar tana ajiye a gefe ban ko kalle ta ba. Na ga abin da nake so in gani, sai na daina dubawa. Da matashin bai kasance cikin gwajin ba, da hoton nan ya shiga kundina.

Karo na biyu ya faɗo cikin Afrilu. Muka shirya yin ɓeraye goman duka rana ɗaya da ruwan rini ɗaya, don kada a ce bambancin daga ruwa ya fito. Na daidaita na'urar da safe, na auna, na sake tabbatarwa da takarda. Malam ya sa na ƙara kwalabe biyu na shaida: ɗaya a pH 4, wadda dole ta yi shuɗi in garin bai lalace ba, ɗaya kuma babu X-gal a cikinta, wadda dole ta zauna fara. Ƙarfe tara na safe komai ya shiga akwati.

Wajen ƙarfe biyu na rana aka ɗauke wuta.

Littattafan da na karanta duk suna gargaɗi kada nama ya yi sanyi. A Yamai cikin Afrilu tsoron na juye ne. Akwatin ɗumi ƙara zafi kawai ya iya, ba ya ragewa, kuma da na'urar sanyaya ɗaki ta mutu sai ma'aunin bango ya fara hawa, 38, 39, ya doshi 41. Na aro kula wurin mai sayar da ruwan sanyi a bakin ƙofa, na zuba ruwan famfo, na riƙa sirkawa da na randa har ma'auni ya zauna a 37, na jera kwalaben a ciki na rufe da zane saboda haske. Duk rubu'in awa in buɗe in duba in sirka. Alhaji yana can ɗakinsa yana rataya jiƙaƙƙun buhuna a tagogi, domin ɓerayen bincike an saba ajiye su a digiri 20 zuwa 24, irin wannan zafin yana iya kashe su. Firiza kuwa muka hana kowa buɗe ta. Sai bayan magariba wutar ta dawo. Yayana ya zo ya zauna a baranda yana jirana har sha ɗaya na dare, lokacin da na wanke kitsen na tsayar da rinin.

Wannan karon ban yarda da idona ba. Abokiyar karatuna ta kwashe kwalaben ta shiga wani ɗaki, ta cire sunayen ta manna lambobi, ta riƙe takardar sirrin a jakarta. Na ɗauki hoton kowane gutsure a kan farar takarda ɗaya, a haske ɗaya, na ba kowanne maki daga 0 zuwa 3 ban san na wa ba ne. Kwalbar pH 4 ta yi shuɗi, marar gari ta zauna fara. Sai da na gama muka buɗe takardar.

Huɗu daga cikin tsofaffin biyar sun fi kowane matashi shuɗi. Ba shuɗi shar irin na farko ba, dabbare-dabbare ne, kamar zanen da aka tsoma sau ɗaya aka fitar. Na matasan kusan fari ne, da ɗan tsirit na launi a gefe. Na daɗe ina kallon su a jere. Ga dai abin da kwana ya bari a cikin nama, ana ganinsa ba tare da madubin ƙara girma ba.

Tsoho na biyar kuwa kitsensa fari ne kamar na matashi. Na duba littafin Alhaji, ranar haihuwarsa daidai take. Na tambayi Malam ko in ajiye shi gefe tunda ya fita daban. Ya ce, “Shi ma ɓera ne, shi ma tsoho ne. Rubuta shi.” Ya kuma hana ni rubuta cewa na ƙirga tsayayyun ƙwayoyi. Akwai ƙwayoyin garkuwar jiki masu haɗiye shara, makrofaj, waɗanda su ma suke yin shuɗi a pH 6, kuma suna taruwa a tsohon kitse. Kafin a ce lallai tsayayyar ƙwaya ce sai an haɗa da wata shaida, kamar auna p16 ɗin kansa. Ɓera goma kuma sun yi kaɗan a gina babbar magana a kansu. Abin da na rubuta shi ne kitsen tsofaffi huɗu ya fi ɗaukar rini, na ɗaya bai ɗauka ba. Jimlar ta yi mini ƙanƙanta bayan wata takwas na aiki, amma ita ce zan iya rantsuwa a kanta.

A makon ne kawuna ya zo daga Galmi da lodin albasa. Da dare muna tsakar gida ina ba su labari, na ambaci cewa a 2015 ƙungiyar James Kirkland, a Mayo ɗin dai, ta gano haɗin magani biyu da ke kashe tsayayyun ƙwayoyi a jikin ɓera, dasatinib da kuwasetin, kuma kuwasetin ana samunsa a albasa, musamman ja. Kawu ya gyara zama.

“To ai shi ke nan, ɗiyata. Gobe in faɗa wa mutanen kasuwa albasar Galmi maganin tsufa ce.”

Na roƙe shi kada ya faɗa. Abin da aka ɗura wa ɓerayen tataccen sinadari ne mai yawa, kuma tare da dasatinib, wanda maganin kansar jini ne mai ƙarfi da ba a sha sai da likita. Gwajin da aka yi a jikin mutane har yanzu ƙanana ne. Haka rapamisin, wanda aka samo daga ƙwayoyin cuta na ƙasar tsibirin Rapa Nui: a 2009 an nuna yana ƙara kwanan ɓeraye ko da an fara ba su suna da kwana 600, amma magani ne mai danne garkuwar jiki, ana ba wa waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Su kansu tsayayyun ƙwayoyin ba duka ne abin sharewa ba, a 2014 an nuna ɓeran da aka share masa su rauninsa yana jinkirin warkewa. Wannan bayanin na fi nacewa a kai, domin na ga yadda masu talla da lasifika ke yawo da kwalabe suna alkawarin mayar da tsoho yaro, kuma tsofaffinmu ne ke cire kuɗin cefane su saya. Ba na so aikina ya zama abin da wani zai ɗora tallarsa a kai.

Sai na yi kuskuren ambaton Clive McCay, wanda a 1935 a jami'ar Cornell ya nuna manyan ɓerayen da aka rage wa abinci sun fi daɗewa a duniya. Kaka, wadda na zaci ta yi barci, ta ɗago.

“Wa ya ce yunwa na ƙara kwana? A 84 ina nan. Na ga abin da ta yi.”

Tsakar gidan ta yi tsit. Na matsa kusa da ita na ce gaskiyarta, ba yunwa ake nufi ba. Ɓerayen McCay an rage musu yawan abinci ne amma an cika musu duk sinadaran da jiki ke bukata, suna cikin keji mai tsabta, ba sa noma, ba sa shayarwa. Wanda ya ɗauki wannan sakamakon ya kawo shi garin da aka binne yara saboda fari, ya ce ƙarancin abinci alheri ne, ya yi zalunci. Ta yi shiru, sannan ta ce in nuna mata hoton. Na ba ta wayar, na buɗe mata kitsen tsohon da na yaron gefe da gefe. Ta kai shi dab da idonta.

“Wannan ai baba ne,” in ji ta. “Tawa gwiwar ma haka take?”

Na ce a guringuntsin mutane masu ciwon gaɓoɓi an ga irin ƙwayoyin nan, amma tata ban duba ba, kuma ba ni da maganin da zan ba ta. Ta miƙo mini wayar ta ce in kawo man zafi in shafa mata.

Na kare kundina a watan Yuli. Daga kowane ɓera na ajiye wani gutsuren kitse a ruwan da ke kare shi, suna firiza suna jiran ranar da za a samu mai tafiya ya kai su inda ake da injin auna p16. Na biyar ɗin nan na fi ƙosawa in ji labarinsa. Alhaji kuma ya ware mini jarirai takwas da aka haifa a watan Yuni, ya buɗe musu sabon shafi a littafinsa. Za su cika wata 20 a Fabrairun badin badaɗa. Jiya na je na sauya musu ruwa, har sun fara hawa ƙarfen keji.